Dokta Nnamdi Azikiwe: Ɗan Zungeru Da Ya Ɗebo Siyasa A Amurka

Duk wanda ya tashi daga Minna ya nufi Zungeru tilas ya ratsa ta Beji. Kwanan baya na tsaya a can ranar kasuwa, na zauna a teburin mai shayi ina jiran motarmu ta cika. Na tarar ana gardama a kan rabon muƙamai, wa aka ba, wa aka manta da shi bayan ya sha rana wajen yaƙin neman zaɓe. Wani dattijo ya ɗora laifin duka a kan tsarin mulkin Amurka da muka aro, yana ganin tsada gare shi, kuma bai dace da mu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, cikin masu gardamar babu wanda ya tuna cewa mutumin da ya fara cika kunnen 'yan Nijeriya da zancen Amurka a kan wannan hanya aka haife shi, tafiya kaɗan gaba da inda muke zaune.

An haifi Nnamdi Azikiwe a Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, ran 16 ga Nuwamba 1904. A lokacin nan ita ce hedkwatar Turawa ta Arewa, kafin a koma Kaduna. Mahaifinsa mutumin Anacha ne, akawu a wurin sojan Turawa. Yaron ya tashi da Hausa a bakinsa, har uban ya ji tsoron kada ya rasa harshen gida, ya tura shi Anacha wajen dangi a 1912. Daga nan ya yi karatu a Ikko da Kalaba, ya ƙara da Yarbanci. Cikin manyan da suka karɓo mana mulkin kai, shi ne aka sani da jin manyan harsunan nan uku.

Yana makaranta a Ikko ya ji wa'azin Dokta James Aggrey, mutumin Gwalkwas wanda ya yi karatu a Amurka. Sa'an nan kuma wani littafi ya faɗo hannunsa, na tarihin James Garfield, Shugaban Amurka na 20. Shi Garfield maraya ne, an haife shi a bukkar katako a Jihar Ohio a 1831, ya yi aikin jan jiragen ruwa yana yaro, ya yi ƙwadago ya biya wa kansa makaranta, har ya kai ga shugabancin ƙasa. To, ɗan akawun da ya ga ubansa yana tsufa a ƙarƙashin yaran Turawa, ina zai ji wannan labari ya zauna? Ya kama aikin akawu a Baitulmali a Ikko, amma hankalinsa na ƙetare. Har ya taɓa ɓuya a jirgin ruwa, tafiyar ta tsaya a Gwalkwas, mahaifiyarsa ta bi shi ta komo da shi. Daga baya uban ya ɗauki fam 300 daga abin da ya tara ya ba shi, ya tashi a 1925.

Mai karatu ya riƙe sunan Garfield ɗin nan, za mu sake gamuwa da shi.

Makarantar da ya fara shiga ita ce Kwalejin Storer a garin Harpers Ferry, wadda aka kafa don 'ya'yan bayin da aka 'yanta. A nan abokan karatu suka gajarce sunansa ya koma Zik. Garin nan kuwa ba ƙaramin gari ba ne a tarihin Amurka. A cikinsa ne wani Bature mai ƙin bauta, John Brown, ya kai hari ma'ajiyar makamai ta gwamnati a 1859 don ya ba bayi bindigogi. Aka kama shi aka rataye. Ba a cika shekara biyu ba jihohin kudu suka ɓalle, aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da 600,000 suka halaka, Shugaba Abraham Lincoln ya tsaya kai da fata sai ƙasa ta zauna ɗaya. A 1869 Kotun Ƙolinsu ta yanke hukunci cewa babu jihar da ke da ikon fita daga tarayya don ganin damarta. Watau Zik ya yi karatunsa na fari yana taka ƙasar da wannan wuta ta fara kamawa.

Ya sha wuya ƙwarai. Ya wanke kwanuka, ya yi dako, ya shiga ramin haƙar kwal, ya kuma ga wariyar launin fata da idonsa. Duk da haka ya wuce Jami'ar Howard a Washington, ya sami digiri a Jami'ar Lincoln a 1930, shekara ɗaya da Thurgood Marshall wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka. Ya ƙara wani digiri a Jami'ar Pennsylvania. Abin da ya fi ɗauka a can, a ganina, aikin jarida ne irin na baƙaƙen Amurka, mai zafi, mai manyan kanun labarai, wanda talaka zai karanta jininsa ya motsa.

Da wannan makami ya komo Afirka a 1934. Ya yi editan wata jarida a Ankara, babban birnin Gwalkwas, Turawa suka kai shi kotu kan laifin tunzura jama'a, aka same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara aka sake shi. A 1937 ya kafa West African Pilot a Ikko. A 1944 shi da Herbert Macaulay suka kafa Jam'iyyar NCNC, suka yi rangadin ƙasa a 1946, inda ciwon ajali ya kama Macaulay a Kano. Bai manta da Arewa ba. Malam Sa'adu Zungur ya riƙe sakatarensu na ƙasa, jaridarsa Comet ta koma Kano a 1949, kuma NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ƙawance da NCNC shekara da shekaru.

Inda karatun Harpers Ferry ya yi amfani shi ne taron tsarin mulki na 1954 a Ikko. Jam'iyyar AG ta Cif Obafemi Awolowo ta nemi a rubuta cewa duk jihar da ta ga zaman bai yi mata ba tana iya fita. Zik da mutanensa suka ƙi, kuma ba a rubuta ba. Kada mu 'yan Arewa mu yi saurin nuna wa wani yatsa a nan, gama mu ma mun yi barazanar janye jiki a 1953 bayan rikicin ƙudurin neman mulkin kai, muka kuma ta da zancen a raba a 1966. Kowane ɓangare na ƙasar nan ya taɓa leƙa wannan ƙofa. Wanda ya buɗe ta ya fita a 1967, Odumegwu Ojukwu, shi ma a Zungeru aka haife shi, a 1933. Ikon Allah ke nan. Zik ya bi Biyafara da farko, ya yi mata yawon neman goyon baya a ƙasashen waje, sa'an nan a watan Agusta 1969 ya juyo ya goyi bayan Nijeriya ɗaya. Wasu mutanensa ba su yafe masa juyowar ba, wasu namu kuma ba su yafe masa tafiyar ba. Yau sashe na 2 na tsarin mulkin 1999 ya ce ƙasar nan ba ta rabuwa, amma mu ma, kamar Amurkawa, sai da jini ya zuba kafin maganar ta zauna.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Bayan zaɓen 1951, da ya ga an yi masa zamiya a Majalisar Jihar Yamma, sai ya koma Gabas, aka ture Eyo Ita wanda ba Ibo ba ne, shi ya zama Firimiya a 1954. Wannan ya bar tabo a zukatan ƙananan ƙabilun can. A 1956 aka kafa kwamitin bincike na Foster-Sutton saboda an zuba kuɗin jama'a a bankin African Continental wanda shi da iyalinsa ke da hannu a ciki. Kwamitin ya soki halinsa, shi kuwa ya koma wa masu zaɓe a 1957 suka sake zaɓensa. Amma a cikin wannan zama na Firimiya ne ya yi aikin da ya fi kowane daɗewa, watau Jami'ar Nsukka da aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, bisa tsarin jami'o'in noma da sana'a waɗanda Lincoln ya sa wa dokarsu hannu a 1862.

Bayan zaɓen 1959 NCNC ta haɗa gwamnati da NPC. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe Firayim Minista, Zik ya zama Gwamna-Janar a 1960, Shugaban Ƙasa a 1963. Suna ne babba, iko kuwa babu, domin tsarin Ingila ake bi. Ya gane haka sarai bayan zaɓen 30 ga Disamba 1964, wanda 'yan hamayya suka ƙaurace wa a wurare da yawa. Ya ƙi kiran Sir Abubakar ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi kwanaki tana lilo. Shugabannin soja da na 'yan sanda suka nuna masa cewa umurnin Firayim Minista suke bi. Ran 4 ga Janairu 1965 ya sauko. Da aka yi juyin mulki a Janairu 1966 ba ya ƙasar.

Wannan rikici na sarki biyu a gari ɗaya yana cikin dalilan da suka sa kwamitin Cif Rotimi Williams, wanda Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975, ya zaɓo mana tsarin Amurka: shugaba ɗaya mai cikakken iko, wanda ƙasa duka ta zaɓa. Zik yana da shekara 74 ya fito neman wannan kujera a 1979 a Jam'iyyar NPP. Ya zo na uku da ƙuri'a wajen miliyan 2.8, bayan Alhaji Shehu Shagari da Awolowo. Tun a zaɓen farko sabon tsarin ya nuna halinsa. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya samu a 12, a Kano ya tsaya kusa da kashi 20 cikin 100. Aka shiga lissafin sha biyu da biyu bisa uku, har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa ran 26 ga Satumba 1979, Mai Shari'a Kayode Eso bai yarda ba. A 2023 ma irin wannan lissafi aka kai gabanta, a kan rubu'in ƙuri'un Abuja.

Masu cewa wannan ciwon namu ne mu kaɗai, su duba zaɓen Amurka na 1876. Samuel Tilden ya fi Rutherford Hayes yawan ƙuri'un jama'a, amma aka yi jayayya kan sakamakon wasu jihohin kudu, kowane ɓangare na zargin ɗaya da maguɗi. Aka kafa kwamiti na mutum 15, takwas suka bi jam'iyyarsu, bakwai suka bi tasu, Hayes ya hau da ratar wakili ɗaya tak, 185 da 184. Garfield na cikin takwas ɗin nan. Manya suka daidaita a bayan fage, aka janye sojan tarayya daga kudu a 1877, aka bar baƙaƙen fata a hannun tsofaffin iyayengijinsu. Wariyar da Zik ya tarar a 1925 daga wannan sulhu ta sami gindin zama. Su manyan babu abin da ya taɓa su.

A namu sulhun na 1979, NPP ta shiga yarjejeniya da NPN aka raba ministoci da kujerun majalisa, abin ya watse a 1981. To, a nan ne gardamar teburin mai shayi ta Beji ta haɗu da ƙarshen labarin Garfield. Tun zamanin Shugaba Andrew Jackson, wanda ya hau a 1829, al'adar Amurka ita ce jam'iyyar da ta ci zaɓe ta kori ma'aikata ta zuba nata, tun daga jakada har mai kula da gidan waya. Garfield ya hau mulki a Maris 1881, masu neman muƙami suka yi masa dafifi. Cikinsu akwai wani Charles Guiteau, wanda ya yi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a yaƙin zaɓe, amma ya sa a ransa cewa shi ya kawo nasara, sai a ba shi aikin jakadanci a Faris. Da aka hana shi, ya harbi Shugaban a tashar jirgin ƙasa ta Washington ran 2 ga Yuli 1881. Garfield ya yi jinya ya mutu ran 19 ga Satumba. Sai da wannan ta faru kana Majalisarsu ta yi dokar Pendleton a 1883, wadda ta ce a ɗauki ma'aikata ta hanyar jarrabawa, kada kuma a kore su don siyasa. Da fari wajen kashi ɗaya cikin goma na ma'aikata kaɗai ta shafa, aka yi ta faɗaɗa ta shekaru da dama.

Saboda haka dattijon nan na Beji yana da rabin gaskiya. Tsadar da yake kuka da ita mu muka ƙara mata gishiri, gama manyan ma'aikatun ministoci 15 ne a Amurka, mu kuwa tsarin mulkinmu ya wajabta minista daga kowace jiha cikin 36, ban da masu ba da shawara da mataimakansu. Amma ɗabi'ar ɗaukar gwamnati kamar ganimar yaƙi ta riga mu a can, kuma da doka suka rage ta, ba su canja tsarin ba.

Zik ya sake gwadawa a 1983 ya sake zuwa na uku, soja suka kifar da gwamnatin ran 31 ga Disamba na shekarar. Ya koma gidansa a Nsukka da sarautarsa ta Owelle na Anacha. Ya mutu a asibitin koyarwa na Inugu ran 11 ga Mayu 1996 yana da shekara 91, aka binne shi a Anacha ran 16 ga Nuwamba, ranar haihuwarsa. Filin jirgin sama na Abuja sunansa yake ɗauke da shi. Da yaron mota ya yi kira na tashi biyan kuɗin shayi, canjin da aka miƙo mini tsohuwar takardar naira 500 ce, ta sha hannu har hoton Zik da ke jikinta ya fara dushewa.