Rufaida Al-Aslamiyya: Mai Hemar Jinya a Masallacin Madina

 

Ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa za mu kawo tarihin wata sahabiya daga ƙabilar Aslam, wato Rufaida (Allah Ya yarda da ita), wadda ta kafa hema a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni.

A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira (627 Miladiyya), kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Aus, ta tsinka masa jijiyar hannu. Manzon Allah (SAW) ya yi umurni a kai shi hemar Rufaida domin ya riƙa duba shi daga kusa, kuma Imamu Buhari ya ruwaito cewa yakan biya safe da yamma yana tambayar jikinsa. A duba girman wannan amana: jigon Ansar guda aka danƙa a hannun mace saboda an san ƙwarewarta. Bayan Sa'adu ya yanke hukunci a kan Banu Ƙuraiza, raunin ya fashe, Allah Ya karɓi ransa.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bayanin Ibnu Ishaƙ, cewa ta sadaukar da kanta ga hidimar duk Musulmin da ba shi da mai kula da shi, tana neman lada wurin Allah. Ashe kenan hemar da ta karɓi shugaba ita ce ta karɓi marar gata.

Mu nan Droum mun san yadda abin yake idan an kai mutum asibitin Damagaram. Dangi ne ke bin sa da tabarma da ƙwaryar kunu, su ne ke juya shi, su wanke masa tufa. To baƙon da aka kawo shi kaɗai fa? Sau da yawa ba ya da kowa sai ma'aikacin jinyar da ke bakin aiki a daren nan, wanda zai ba shi magani a kan lokaci, ya rufa masa asiri, ko da babu mai cewa an gode.

Turawa kan fara tarihin aikin jinya na zamani daga Florence Nightingale, wadda ta tafi yaƙin Kirimiya a 1854. Hemar Rufaida ta riga wannan da fiye da shekara 1,200.