Ros Serey Sothea: 'Yar Manoma Mai Muryar Zinariya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in bai wa 'yan'uwana manoma da 'yan tireda labarin wata zabiya ta ƙasar Kambodiya, can nahiyar Asiya, mai suna Ros Serey Sothea. Ni dai ba na jin ko kalma ɗaya ta yarensu na Khmer, amma ranar da yarona ya kunna mini waƙarta a waya, sai da tsigar jikina ta tashi.

An haife ta a lardin Battambang, wanda shi ne rumbun shinkafar ƙasar. Iyayenta talakawa ne irinmu, a gona ta tashi. A 1963 ƙawayenta suka matsa mata ta shiga gasar waƙa ta yankinsu, ta kuwa cinye. Daga nan sai ta riƙa yin wasa tare da 'yan gidansu a lardin. A 1967 ta koma Phnom Penh, babban birnin ƙasar, ta shiga waƙa a gidan rediyon gwamnati.

To jama'a, kun san aikin rediyo. Muryar da a da sai 'yan ƙauyensu ke ji, ga ta yau a kasuwa da gona da fada. Ta yi waƙoƙi da dama tare da Sinn Sisamouth, wanda shi ne uban tafiyar mawaƙan zamani a ƙasar. Ta yi na soyayya, ta yi na finafinai, ta kuma haɗa salon gargajiyarsu da kiɗan jita irin na Amurka. Waƙoƙinta sun kai ɗaruruwa. Shugaban ƙasar na lokacin, Yarima Norodom Sihanouk, da kansa ya ba ta laƙabin sarauniya mai muryar zinariya. Amma fa ɗaukaka ba ta hana kuka ba, don aurenta na fari da wani mawaƙi ya mutu saboda duka.

A 1970 Janar Lon Nol ya hamɓarar da Sihanouk, yaƙin basasa ya yi tsanani. Ita ma ta yi wa sojan gwamnati waƙoƙin ƙarfafa guiwa, har ta koyi saukar laima daga jirgi. Ranar 17 ga Afrilu, 1975, 'yan tawayen Khmer Rouge na Pol Pot suka kama Phnom Penh. Suka kori mutanen birni kaf zuwa aikin gona na tilas, suka soke kuɗi, suka rufe kasuwanni, suka shiga farautar malamai da likitoci da mawaƙa. Kafin sojan Biyetnam su kore su a Janairun 1979, mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu sun halaka. A cikinsu har da ita da Sinn Sisamouth. Ko kabarinta babu.

Abin da ya sa har yau ake jin muryarta shi ne, wasu bayin Allah sun ɓoye faya-fayai da kaset-kaset, wasu kuma sun yi gudun hijira da su. Bayan ƙura ta lafa aka yi ta kwafa ana sayarwa a kasuwa. Yayarta Ros Saboeut ta tsira da ranta, ta kuma taimaka wajen tattaro mawaƙan da suka rage.

'Yan'uwa, abin lura a nan biyu ne. Na ɗaya, kada a raina ɗan ƙauye, don ba a san inda rana za ta faɗi ba. Na biyu, idan ƙasa ta kama da wuta, ba ta barin mai suna, balle mai tebur a bakin kasuwa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.



Naka mai karatu kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda.