Osei Bonsu, Sarkin Asante da Ya Riƙe Hanyoyin Kumasi

 Kowace shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan ware shafi guda mu tuna wani mutumin da wanda aikinsa ya shafi sana'armu. Bana da kwamiti ya zauna, wasu dattawa sun so a kawo tarihin wani madugu ko wani attajirin goro. Amma da muka buɗe littafin koke-koken da kuka shigar a ofis, sai muka tarar yawancinsu maganar hanya ce: lori ta faɗa rami aksil ya karye, gota ta cika ruwa ya shiga sito, direba ya kwana biyu a hanya albasa ta fara ruɓewa. Shi ya sa muka ɗauko mutumin da ba Bahaushe ba ne, ba kuma falke ba ne, amma kakanninmu sun ci abinci a kan hanyoyin da ya riƙe. Shi ne Asantehene Osei Bonsu.

An haife shi wajen 1779, kuma sunansa na fari Osei Tutu Kwame. Mahaifiyarsa, Konadu Yaadom, ita ce Asantehemaa, uwar sarautar Asante. Kamar yadda muka sani, a wajen Tonawa ta ɗakin uwa ake gadon kujera. Ya hau mulki a farkon shekarun 1800, lokacin da fadar Kumasi ba ta zaune lafiya. An tuɓe Osei Kwame, kuma cikin laifuffukan da aka ɗora masa har da yawan kusantar Musulmi. Wanda ya gaje shi, Opoku Fofie, ɗan'uwan Osei Bonsu ne uwa ɗaya, kuma bai daɗe a kan kujera ba ya rasu. Haka sarauta ta faɗo hannun saurayin da bai kai shekara 30 ba.

Cikin abin da ya gada akwai manyan hanyoyi 8 da suka tashi daga Kumasi, 4 sun nufi arewa, 4 sun nufi kudu. Na kudu sun kai garuruwan bakin teku irin su Ankara da Cape Coast da Elmina, inda Turawa suke sayar da bindiga da albarushi da yadi. Na arewa akwai wadda ta tafi Bonduku, akwai kuma wadda ta fi shafarmu, wato ta Mampong da Ejura da Atebubu, ta ƙetare kogi a Yeji ta shiga Salaga a ƙasar Gwanja.

Hanyar kurmi ba irin ta arewa ba ce. Damina biyu ake yi a shekara, iska tana ka da manyan itatuwa su gitta turba, ciyawa kuma ta rufe ta cikin 'yan watanni. Ƙudan tsando yana kashe jaki da doki, don haka a kai ake ɗaukar kaya. Hanyar da aka bari shekara guda ba a sa mata adda ba, ta koma daji. Saboda haka a ƙasar Asante sare sabuwar hanya bai kai riƙe ta wahala ba, kuma sarakunan sun gane wannan tun kafin Osei Bonsu. A zamanin Osei Kwadwo, wanda ya yi mulki daga 1764 zuwa 1777, aka naɗa ma'aikatan da ake kira akwanmofo, masu share hanya, da shugabansu. Daga fada ake ba su kuɗi su biya mutanen ƙauyukan da ke bakin hanya ladan sara da kawar da itatuwa, kuma suna da ikon cin tarar duk wanda ya ɓata hanya. Akwai kuma nkwansrafo, masu gadin hanya, da ke zaune a shingaye suna binciken matafiya suna karɓar kuɗin wucewa.

Kuɗin wannan aiki daga baitulmalin sarki yake fitowa, kuma da garin zinariya ake auna shi a sikeli. A zamanin Osei Bonsu, Opoku Frefre ne yake riƙe da sarautar Gyaasewahene, mai kula da dukiyar ƙasa. Abin da ke shiga baitulmalin ya haɗa da harajin ƙasashen da aka ci da yaƙi, da tarar shari'a, da rabon sarki daga dukiyar attajirin da ya mutu, da kuɗin hayar ƙasa da Turawan Holan suke biya saboda gidan yaƙinsu na Elmina, da kuma abin da ake karɓa a shingaye da mashigan ruwa. Wato mai ɗauke da kaya yana biya a hanya, wani ɓangare na abin da ya biya kuma yana dawowa ya share masa hanyar.

Yaƙin farko da ya fito da sunansa ma a kan hanya aka yi shi. Wasu sarakunan Asin biyu, Kwadwo Otibu da Kwaku Aputae, sun yi masa tawaye suka gudu wajen Fante, Fante kuma suka ƙi ba da su. Bayan wannan akwai tsohon gilli, domin Fante ne suke tsakanin Asante da teku, su ne dillalai, kuma duk sa'ad da suka ga dama sukan rufe hanya. A 1807 ya kai runduna har Anomabo, aka gwabza a gindin gidan yaƙin Turawan Ingila. Daga isarsa teku ne aka yi masa laƙabi da Bonsu, sunan kifin nan da ya fi kowace dabbar ruwa girma. Rundunoninsa sun sake komawa kudu a 1811 da 1816.

A wannan shekara ta 1807 ne majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi a teku, kuma wannan ya taɓa kuɗin shigar Asante. Sai dai a arewa wata ƙofa tana buɗewa. Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya haɗa garuruwan Hausa ƙarƙashin daula guda, kasuwar goro kuma ta bunƙasa a Kano da Katsina da Sakkwato. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya bi ta Yendi ya sauka Salaga bayan tafiyar watanni. Yawancinsu nan suke tsayawa. Tonawa ne suke kawo musu goron a kai daga kurmi. Da hanyar Kumasi zuwa Yeji za ta toshe, da madugun da ya taso daga Kano ya koma da jakunansa wayam. A zamanin Osei Bonsu Salaga ta zama babbar kasuwar da sunanta ya shiga bakin kowane Bahaushe.

Sarkin bai manta da kudu ba. A 1816 aka fara sabunta hanyoyin Cape Coast da Elmina, ana miƙe su ana faɗaɗa su. Gwamnan Holan na Elmina a lokacin, Herman Daendels, mutum ne da ya taɓa shimfiɗa doguwar hanya a tsibirin Jawa na Indunusiya ta yau. Ya aiko da wakilinsa Huydecoper zuwa Kumasi, kuma cikin abin da suka tattauna da sarki har da babbar hanya tsakanin garuruwan biyu. Daendels ya mutu a Elmina a 1818, shirin nasa kuma bai kai inda ya so ba.

Labarin titunan cikin gari mun same shi ne daga Thomas Bowdich, Baturen Ingila da ya zo Kumasi da tawaga a 1817, ya kuma buga littafin tafiyarsa a 1819. Ya tarar da manyan tituna 4, kowanne tsawonsa kusan rabin mil, faɗinsa kuma daga yadi 50 zuwa 100. Kowane titi da sunansa, kuma kowanne akwai wani babban hafsa da aka ɗora wa alhakin kula da shi. An dasa itatuwan inuwa, kuma kowace safiya ana ƙone sharar gidaje a bayan layi. Sarkin ya sa ana sare wani titi mai faɗi miƙaƙƙe daga gari zuwa gidansa na hutu a Breman, yana kuma da shirin sake gina gidajen da ke kan hanyar Bantama. Wannan shekara 200 ke nan da 'yan kai, babu siminti, babu kwalta, babu katafila.

Musulmi suna da unguwarsu a Kumasi ta wancan zamani, kusa da fada. Babbansu shi ne Muhammad al-Ghamba, wanda ake kira Baba, ɗan asalin ƙasar Mamprusi. Su ne suke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci zuwa sarakunan arewa, suna yi masa addu'a, suna ba shi labarin ƙasashen da fatake suka fito. Bai musulunta ba, ya kuma san abin da ya sami Osei Kwame, amma ya riƙe su da mutunci domin ya san amfaninsu ga mulkinsa da kasuwancinsa.

Ba za mu ɓoye ɗaya fuskar tarihin ba. Hanyoyin nan da goro ya bi, bayi ma sun bi su a ɗaure, kuma Salaga ta yi suna da kasuwar bayi kamar yadda ta yi suna da goro. Da wakilin Ingila Joseph Dupuis ya zo Kumasi a 1820, sarkin ya nuna masa rashin jin daɗinsa da hana cinikin bayi a teku. Ko a sha'anin goro ma ba kowa aka ba dama ɗaya ba. Idan kaka ta yi, akan tsare hanyar arewa har sai fataken sarauta, waɗanda ake kira batafo, sun riga kowa isa kasuwa sun sayar da tsada. Ƙaramin ɗan kasuwa sai ya jira.

Bayan yaƙin Gyaman na 1818 zuwa 1819, inda aka ci Sarki Kwadwo Adinkra, Osei Bonsu ya gina gidan dutse a Kumasi, wanda ake kira Aban, da magina daga Elmina, aka gama shi a 1822. Ya rasu lokacin da rundunarsa take kudu a rikicin da ya kai ga kashe gwamnan Ingila Charles MacCarthy a Nsamankow cikin Janairun 1824. Ƙanensa Osei Yaw Akoto ya gaje shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kawo mu nan. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi suka rushe Aban. Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, Tonawa suka daina kai mata goro, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa sauran 'yan kasuwa. Bayan Turawa sun kama Kumasi a 1896, fatake suka fara shigowa har cikin gari, zango ya cika, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903. Titin da muke bi yau ta Mampong da Ejura da Atebubu, mu jira jirgin fito a Yeji mu ƙetara Makango, sawun waccan tsohuwar hanya yake bi.

Yau aikin akwanmofo ya rabu gida-gida. Manyan hanyoyi suna hannun hukumar manyan hanyoyi ta ƙasa, titunan birni suna da sashensu, na karkara ma haka. An kafa asusun gyaran hanyoyi na Gana a 1985, aka yi masa doka a 1997, kuma mafi yawan kuɗinsa daga harajin da ke kan man fetur da dizal ya riƙa fitowa. An dakatar da karɓar kuɗin tol a Nuwamban 2021, amma duk litar da direbanmu ya sha, mun biya. Majalisar Asokore Mampong, wadda aka cire daga ta birnin Kumasi a 2012, tana samun nata daga asusun bai ɗaya na majalisu da harajin gidaje da tikitin kasuwa da lasisin shaguna. Tunda muna biya, muna da bakin tambayar inda kuɗin ya shiga, kuma mai rasidi a hannu ya fi ƙarfin tambaya.

Sai dai mu ma da namu laifin. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna idan aka ninka nauyin da ke kan aksil sau 2, ɓarnar da yake yi wa titi tana kaiwa kusan ninki 16. Buhunan da muke ƙarawa a saman tirela don mu rage kuɗin mota, su ne ramin da zai karya mana sifirin a dawowa. Ruwa kuma shi ne babban abokin gabar kwalta, kuma kowa ya ga abin da ke cikin gotocin Aboabo da Sawaba da Asawase idan hadari ya haɗu. Ba baƙi ne suka zuba ledar ba.

Saboda haka kwamiti zai kawo shawarwari uku a taron wata mai zuwa. Na farko, kowane layi da mambobinmu suke da sito ko shago a zaɓi mutum ɗaya da sunansa zai shiga littafi, shi ne mai kula da gotar layin, kamar yadda kowane titin Kumasi yake da mai shi a 1817. Na biyu, duk kuɗin da aka karɓa a hannunku a tasha ko kasuwa ko kan iyaka, ku nemi rasidi ku kawo kwafi ofis, domin mu tara su mu je da su zaman sauraron kasafin kuɗin majalisa. Na uku, a auna kowace mota kafin ta bar tasha. Muna roƙon iyayenmu masu motoci su zo da kansu, kada su aiko yara, domin magana ta uku tasu ce.

Allah ya kai kowa gida lafiya da kayansa, ya maimaita mana na baɗi.