Marina Raskova: mai son zama mawaƙiya da ta kai mata fagen yaƙin sama

Jama'a, yau ba labarin jaruman Kannywood na kawo muku ba, amma ku tsaya ku ji, don da waƙa aka soma.

An haifi Marina a Mosko a 1912. Babanta malamin waƙa ne, ita ma burinta ke nan. Tana da shekara 7 ya rasu, gida ya shiga ƙunci, ta ajiye waƙa ta karanta kimiyyar sinadarai. Daga baya ta samu aiki a makarantar sojan sama, nan ta koyi aikin nuna wa jirgi hanya.

A Satumban 1938 ita da Valentina Grizodubova da Polina Osipenko suka tashi daga Mosko zuwa ƙarshen gabashin ƙasar a jirgi mai suna Rodina, kusan kilomita 6,000 ba sauka. Mai ya kusa ƙarewa, ga ɗakinta a hancin jirgin, in an yi saukar dole ita za ta fara mutuwa. Sai ta diro da lema cikin dajin fadama. Kwana 10 tana yawo ita kaɗai da ɗan cakulan kafin ta iske 'yan uwanta. Wallahi da a fim na gani, cewa zan yi darakta ya cika ƙarya.

Da Jamus ta afka musu a 1941, ta matsa har Stalin ya yarda a kafa rundunonin sama uku na mata. A garin Engels suka yi horo cikin sanyin da hunturun Goronyo bai kai rabinsa ba. Nan nakan tuna da Nana Asma'u da 'Yan Taru, mata masu horar da mata, duk da dai nata aikin na alƙalami ne.

Runduna ta 588 ce ta fi suna. Jiragen katako da kyalle suke tuƙawa da dare, su rage injin su sulalo shiru su saki bom, har Jamusawa suka sa musu Mayun Dare. Ɗaya daga cikinsu, Yevgeniya Zhigulenko, ta shirya fim a kansu a 1981.

Marina kuwa runduna ta 587 ta jagoranta. Ran 4 ga Janairun 1943 jirginta ya faɗi cikin mummunan yanayi kusa da Saratov, a hanyar Stalingrad. Shekararta 30. An ajiye tokarta a katangar Kremlin.