Rabilu Musa Ibro: Tsohon gandiroban da barkwanci ya kai shi gidan yari

A watan Oktoban 2008 wata kotun tafi-da-gidanka da ke sauraron ƙararrakin harkar fim a Kano ta yanke wa Rabilu Musa, wanda duniya ta fi sani da Ɗan Ibro, hukuncin ɗaurin wata biyu. Mutumin da ya shafe kimanin shekara takwas sanye da kakin gandiroba yana rufe wa fursunoni ƙofa, sai ga shi shi ma an rufe masa.

Wannan ɗauri ya fito da wata muhawara da ta bi Ibro tun daga farkon fitowarsa har bayan ransa: shin finafinansa shirme ne kawai da ake sayar wa yara da 'yan kasuwa, ko kuwa akwai maganar da yake faɗa wadda sauran 'yan fim ba su iya faɗa ba?

Daga Danlasan zuwa kaki

An haifi Rabilu Musa a shekarar 1971 a garin Danlasan da ke Ƙaramar Hukumar Warawa a Jihar Kano. Ya yi firamare a garinsu, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, garin da daga baya ya zama mazauninsa kuma cibiyar ayarin 'yan wasansa.

A 1991 ya shiga aikin gidan yari. Bai bar wasan kwaikwayo ba duk da aikin gwamnati, kuma da wasan ya fara karɓuwa sai ya ajiye kaki ya rungume shi gaba ɗaya.

Lokacin ya yi masa daidai. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa a Kano. Kafin ƙarshen shekarun 1990, kaset ya zama babbar haja.

Camama da kasuwar Ƙofar Wambai

A wancan zamani, hukuncin kowane fim a Ƙofar Wambai ake yanke shi, kasuwar da ke bakin ganuwar birnin Kano inda dillalan kaset suke. Su ke sayen fim, su ke raba shi zuwa Katsina da Sakkwato da Zariya da Maraɗi, kuma su suka san abin da ke tafiya da wanda ke kwantai.

Finafinan da ake ji da su a lokacin su ne na soyayya da waƙa, irin su Sangaya da Wasila, waɗanda suka ɗauko salo daga finafinan Indiya da Kanawa suka daɗe suna kallo a silima. A cikinsu ake ganin manyan gidaje da motoci da 'yan boko.

Ibro ya bi wata hanyar daban, wadda aka laƙaba wa suna camama. Fim ne mai arha, ana ɗaukarsa cikin 'yan kwanaki, galibi a ƙauye ko a lungu, kuma yawancin maganar a wurin ɗauka ake ƙirƙirar ta. Sunan kansa na raini ne. Masu shirya manyan finafinai suna kallon 'yan camama a matsayin ƙananan ma'aikata.

Amma dillali bai san raini ba. Sunan Ibro a bangon kaset ya isa ya sayar da fim, shi ya sa ake liƙa sunan a gaban taken fim bayan fim. Har masu finafinan soyayyar ma sukan gayyato shi ya fito ko da sau biyu ne, don jan masu saye.

Abin da masu suka ke faɗa

Sukar da aka yi wa aikinsa ba duka ce ta son zuciya ba. Finafinan sun yi yawa har suna maimaita juna. Sau da dama labari ba ya da kai balle gindi, sauti na rawa, hoto na duhu, kuma fim kan ƙare ne kawai saboda kaset ya cika.

Akwai kuma zargi mafi nauyi. Camama ta dogara sosai da kwaikwayon harshen wasu ƙabilu, Bafulatani da Bagwari da Inyamuri da Bayarabe, da kuma mayar da naƙasa abin dariya. Masu kare shi suna cewa wannan tsohon wasan barkwanci ne da ke tsakanin al'ummu, irin na taubasai. Masu suka kuma suna cewa wasan da ake yi tsakanin mutum biyu da suka san juna daban yake da wanda aka naɗa a kaset miliyoyin mutane suna kallo. Duk ɓangarorin biyu suna da abin kamawa.

Sai dai wanda ya tsaya a nan bai ga rabin Ibro ba. Barkwancinsa yana da tushe a gida. Ya gaji 'yan kama, waɗanda ke kwaikwayon malamai a bainar jama'a suna mayar da karatu zancen tuwo da nama. Ya kuma biyo sawun taurarin talabijin irin su Ƙasimu Yero da Samanja da Karkuzu.

Jarumin da yake fitowa a matsayinsa talaka ne mai wayon banza: direba, ɗan dako, maigadi, boka, ɗan sanda, baƙauyen da ya shigo birni. Kullum yana ƙulla dabarar da za ta fitar da shi daga talauci, kullum kuma dabarar tana rushewa a kansa. Da yake shi ne wawan labarin, sai ya samu lasisin taɓa mai kuɗi da mai unguwa da malamin tsibbu, mai kallo na dariya kafin ya farga da inda maganar ta dosa.

Usama, Saddam da Aloko

Wata baiwar tasa ita ce jawo labarin duniya ya shigo da shi tsakar gida. Ya kwaikwayi mawaƙin Kwango Awilo Longomba a Ibro Awilo, ya kuma yi wa finafinan Indiya shaƙiyanci a Ibro Ɗan Indiya.

A 2002, bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, ya fito a Ibro Usama. Fim ɗin ya fusata wasu malamai da ƙungiyoyin addini a Kano, waɗanda suka ga bai dace a yi wasa da batun ba. Hayaniyar ba ta hana shi fitowa a Ibro Saddam ba a 2003, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi.

Rikicin da ya fi girma ya zo ne bayan 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, hukumar da aka kafa a 2001. An tsaurara dokoki, an gurfanar da 'yan fim da dama, ciki har da Adam A. Zango da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama.

Laifin da aka tuhumi Ibro da shi ya shafi rajistar kamfani da kuma rawar da aka ce ta saɓa wa tarbiyya a fim ɗin Ibro Aloko. A cikin gari kuwa, mutane da yawa sun alaƙanta kamun da waƙar Mamar da ke fim ɗin, wadda 'yan adawa suka mayar abin zolayar gwamna. Ko ma mene ne dalilin, ɗaurin ya nuna cewa hukuma ta ɗauki ɗan camama da muhimmancin da manazarta da yawa ba su ba shi ba.

Rasuwa da abin da ya bari

Ibro ya fito ya ci gaba da aiki, ya kuma ƙara ƙarfi a waƙoƙin barkwanci irin su Bayanin Naira da Idi Wanzami. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Laraba 10 ga Disamba, 2014, bayan fama da ciwon ƙoda.

Abokan aikinsa irin su Bosho da Daushe da Baba Ari sun ci gaba da riƙe fagen, amma kasuwar kaset da faifan da ta ɗaga shi ta durƙushe, Ƙofar Wambai ta daina zama alƙalin fim.

Abin mamaki shi ne, wayar hannu da ta taimaka wajen kashe waccan kasuwa ita ce ta raya shi. Gutsattsarin fitowarsa na minti ɗaya ko biyu suna yawo a TikTok da Facebook da WhatsApp, a hannun matasan da ba su taɓa riƙe kaset ba. A wannan tsayin, raunin labari da duhun hoto ba sa damun kowa. Abin da ya rage shi ne murya da zare ido da iya sakin magana a daidai lokacinta, kuma a nan ne masu gajerun bidiyon barkwanci na yau ke ɗaukar darasi.

Allah Ya jiƙan Rabilu Musa, Ya gafarta masa kurakuransa.