Sharl Moras, ɗan jaridar da ya yi wa Jamhuriyar Faransa tawaye da alƙalami

An haifi Sharl Moras a shekara ta 1868 a garin Martig, kudancin Faransa. Yana da shekara 14 ya kurmance, sai ya duƙufa ga karatu, daga baya ya tafi Pari ya shiga aikin jarida.

Sunansa ya fito ne a rikicin Kyaftin Direfus, wani hafsan soja Bayahude da aka ɗaure a 1894 bisa zargin sayar wa Jamus asirin ƙasa. A 1898 aka gano cewa Kanar Anri ya ƙaga takardar ƙarya domin ƙarfafa zargin. Da asiri ya tonu, Anri ya kashe kansa a kaso. Mutane da dama da suka yarda da laifin Direfus suka soma sake tunani. Moras kuwa ya ɗauki alƙalami ya wanke Anri, yana ganin ƙaryar da aka yi don kare martabar soja kishin ƙasa ce. An wanke Direfus sarai a 1906, amma Moras bai sauka daga kan bakansa ba har ya bar duniya.

Daga 1908 ya zama ginshiƙin jaridar L'Action française mai fita kullum. Aƙidarsa ita ce a rushe Jamhuriya a maido da sarauta. Yahudawa da Kiristoci ƴan Furotesta da ƴan ƙungiyar Faramaso da baƙi mazauna ƙasar, duka ya lissafa su cikin maƙiyan Faransa. Ya iya rubutu ƙwarai, wannan ko abokan gabansa ba su musa ba, kuma shi ya sa gubarsa ta shiga ɗaliban jami'a da limaman coci. Yana yabon cocin Katolika saboda tsarinta, alhali shi kansa ya rabu da imani tun yana saurayi. A 1926 Paparoma Piyus na 11 ya haramta wa mabiyansa karanta jaridar; sai a 1939 aka ɗage hanin.

A 1936 magoya bayansa suka jikkata Leyon Bulum a kan titi, watanni kaɗan kafin ya zama shugaban gwamnati. Kotu ta sami Moras da laifin tunzura jama'a su yi kisa, ya yi wajen wata 8 a kaso. Duk da haka a 1938 Majalisar Masana Harshen Faransanci ta ba shi kujera.

Da Jamus ta ci Faransa a 1940, Moras, wanda ya shekara arba'in yana zagin Jamusawa, ya rungumi gwamnatin Marishal Peten, wadda ikonta ya kai har Nijar zuwa ƙarshen 1942. Daga birnin Liyon jaridarsa ta ci gaba da sukar Yahudawa a lokacin da ake kwashe su zuwa sansanonin mutuwa, tana kuma neman a tsananta wa ƴan gwagwarmaya magoya bayan Janar De Gol.

A watan Janairu na 1945 kotun Liyon ta yanke masa ɗaurin rai da rai bisa laifin haɗa baki da abokan gaba, irin laifin da ya ɗora wa Direfus. An sake shi a 1952 saboda rashin lafiya, ya rasu a watan Nuwamba kusa da birnin Tur. A 2018 ma'aikatar al'adu ta sa sunansa cikin littafin mutanen da ƙasa za ta tuna da su. Da aka yi ca a kanta, ta janye littafin ta cire sunan.