Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makarantar Da Duniya Ta Saurara

A duk lokacin da aka yi zancen iya magana a bainar jama'a a ƙasar nan, sunan da yake fara zuwa bakin dattawa shi ne na marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya na Afirka. Mutane da yawa sun ɗauka baiwa ce kawai. Murya dai baiwa ce, amma tarihinsa ya nuna mana cewa sauran duk koyo ne da naci.

An haife shi a shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa cikin ƙasar Bauchi, kuma ba daga gidan sarauta ya fito ba. Bayan karatun allo da na elementare, ya wuce makarantar lardi ta Bauchi, daga nan ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1928, ya gama a 1933. Wannan kwaleji ta yi suna wajen horar da ɗalibai furta Turanci daidai. Ana sa ɗalibi ya miƙe ya yi karatu da ƙarfi, a gyara masa, ya sake, har harshensa ya faɗa. A nan aka aza harsashin muryar da daga baya ta ratsa duniya.

Da ya dawo gida sai ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, har ya zama shugabanta. Mu da muka riƙe alli mun san cewa babu makarantar koyon magana kamar aji. Yaro ba ya munafunci: in bai fahimta ba, fuskarsa za ta nuna. Saboda haka dole malami ya tsara darasinsa tun da dare, ya zaɓi kalmomi masu sauƙi, ya san inda zai dakata. A wannan zamani ne kuma ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, shaidar cewa bai yar da Hausarsa don ya iya Turanci ba. A farkon shekarun 1940 yana cikin 'yan bokon Bauchi da suke zama don muhawara kan al'amuran ƙasa, tare da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Wanda ya saba musayar hujja da irin waɗannan mutane, ba zai yi rawar jiki a gaban kowace majalisa ba. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ƙarin karatu a fannin koyarwa, ya dawo a 1946, ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa.

Ranar da aka gwada shi da gaske ta zo a watan Agusta na 1950 a Kaduna. Ya miƙe a majalisa ya kawo ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e, ya bayyana yadda iko ya taru a hannun mutum ɗaya, da yadda talaka ba shi da ta cewa. A wancan lokaci irin wannan magana tana iya raba mutum da aikinsa, ga shi kuwa shi kansa ma'aikacin En'e ne. Amma bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba. Ya jera hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da yake nema a fili. Majalisa ta amince, aka yi bincike, gyare-gyare suka biyo baya har zuwa dokar En'e ta 1954.

Ya zama minista a 1952, Firayim Minista a 1957. Shi ya yi jawabin samun 'yancin kai a Legas ranar 1 ga Oktoba 1960. Ranar 7 ga watan ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da aka karɓi Nijeriya ta zama ƙasa ta 99, ya ba da kaso mai yawa na jawabinsa ga rikicin Kwango. A Yulin 1961 ya yi jawabi ga 'yan majalisar dokokin Amurka, a Mayun 1963 kuma yana Adis Ababa wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. An kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, aka binne shi a Bauchi.

Jawabansa suna nan a intanet, muna kuwa shawartar matasanmu su saurara da kunnen ɗalibi. Za su ji ba ya gaggawa, yana ba kowace jimla haƙƙinta, yana yin shiru kaɗan don magana ta zauna a zukata, kuma ba ya barin batun da ya kawo shi.

'Yan'uwa mazauna birane, ku ne bakinmu a gaban kwamishina da ɗan majalisa. Sau da yawa ana ba wakili minti biyar, sai ya cinye huɗu a gaishe-gaishe da kirari, buƙatar ruwa ko ta asibiti ta tashi a tutar babu. Magana zarar bunu ce, dama kuma ba kullum take zuwa ba. Kafin mutum ya miƙe, ya san abu ɗaya da yake nema, ya tanadi hujjarsa da alƙalumanta, ya gwada faɗa da ƙarfi a ɗakinsa, ya roƙi wani ya gyara masa. Ta wannan hanya ce ɗan talaka daga ƙauyen Bauchi ya sa shugabannin duniya suka yi tsit suna saurarensa. Allah ya jiƙansa da rahama.